Shuka Biyu a Damina Ɗaya: Amsa Ga Wani Manomi a Malam Sidi

Wani malamin firamare da ke noma a gefen Malam Sidi, cikin ƙaramar hukumar Kwami, ya aiko mini da tambaya. Ga taƙaicenta: "Baba, bara sau biyu na yi shuka. An yi ruwa mai ƙarfi a farkon Mayu, na zuba masara, sai sama ta ɗauke kusan mako uku, tsiron ya ƙone. Na sake sayen iri. A Agusta kuma ruwan dare ɗaya ya tsaga gonar, ya bar mini rami da ya kai gwiwa. A rediyo ana cewa sauyin yanayi ne. Wani ya ce sare itatuwan da muke yi ne, wani ya ce hayaƙin masana'antun Turawa ne, limaminmu kuma ya ce zunubanmu ne. Wanne ne gaskiya, kuma me mai hekta biyu irina zai yi?"

Ɗana, sannu da ƙoƙari, Allah ya mayar maka da gurbin abin da ka rasa. Na yi shekara talatin da 'yan kai ina aikin malamin gona, mafi yawansu a ɓangaren kiyaye ƙasa da ruwa, tun muna ƙarƙashin Bauchi kafin a yanke mana jihar Gombe a 1996. Mutum ukun nan da suka ba ka amsa, kowa ya kamo gefe guda na maganar. Abin da ya rikita ka shi ne ɓarna biyu ce ta same ka a damina ɗaya, kuma kowace da asalinta. Ƙonewar tsiron Mayu da ƙarfin ruwan Agusta tushensu na nesa. Ramin da ya tsaga gonar kuwa, ka yi haƙuri da ni, yawancinsa aikin hannunmu ne, kuma shi za ka iya magancewa kafin wata daminar.

Fari dai ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Kakanninmu sun sha yunwar da ake kira Ƙaƙalaba a wajajen 1913 zuwa 1914, lokacin da mota ma abin kallo ce. Ni da idona na ga farin 1973 ina yaro, na ga na 1984 ina sabon ma'aikaci, shekarar da gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe bai fitar da kai ba. Tafkin Chadi, da ya kai murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya tsuke ya koma kusan kashi ɗaya cikin goma a shekarun 1980. Daga shekarun 1990 ruwa ya ɗan dawo. Idan ka tara abin da ke sauka a Gombe daga Mayu zuwa Oktoba, a shekara mai kyau za ka samu milimita 800 zuwa 1000, wanda ya ishi dawa har da masara. Don haka jimillar ba ta cika tayar mini da hankali ba. Rabon ne ya lalace. Kai ma'aikaci ne, ka san bambancin albashin da ke zuwa ƙarshen kowane wata da wanda za a riƙe wata uku a zubo shi rana ɗaya. Kuɗin ɗaya ne a takarda, amma kafin ya zo bashi ya riga ya cinye shi.

Ga yadda abin yake daga tushe. Rana na dumama ƙasa da yini, ƙasa kuma ta mayar da zafin sama. A cikin iskar da ta lulluɓe duniya akwai wasu nau'o'i da ke tare wani ɓangare na zafin nan, kamar bargo. Ka lura daren da sama ta yi tas sanyi ya fi cizo, daren da gajimare ya rufe kuwa a kwana ana fifita; aikin kusan iri ɗaya ne. Bargon nan rahama ne, da babu shi da duniya ta daskare. Kaurinsa ne ake ta ƙarawa. Babbar iskar da ke yin haka ita ce kabon, wadda ke fita duk lokacin da aka ƙona kwal, fetur, dizal, gas ko itace. Kafin Turai ta kafa masana'antu masu cin kwal, wajen shekara 250 da suka wuce, idan ka raba iska kashi miliyan ɗaya, 280 ne na kabon. A 1958, da aka fara aunawa a kai a kai a kan dutsen Mauna Lowa na tsibirin Hawai, an samu kusan 315. Yau ya haura 420. Akwai kuma iskar metan, mai fita daga tumbin shanu, da gonar shinkafar da ruwa ya kwanta a ciki, da rijiyoyin mai. Akwai wata mai tashi daga takin zamani idan an zuba ya wuce buƙatar shuka. Shekarar 2024 ta fi duk shekarun da suka gabace ta zafi tun da aka fara rubuta awo, ta kai wajen digiri ɗaya da rabi sama da zamanin kafin masana'antu. Za ka ce digiri ɗaya da rabi me zai yi. To, ranar da zafin jikin ɗanka ya tashi daga 37 zuwa 38 da rabi, ai ba ka jiran gari ya waye.

A kan wanda ya kaurara bargon, mai cewa hayaƙin Turawa ne ya fi kusa da gaskiya. Idan aka tara na tarihi, Amurka ce kan gaba, Turai ma ta jibge nata; a yau Sin ce ta fi kowa fitarwa a shekara. Afirka baki ɗaya, da mutanenta sama da biliyan ɗaya, ba ta wuce kashi 4 cikin 100 ba. Muna da namu dai: gas ɗin da ake ƙonawa a banza a rijiyoyin man Neja Delta, janareton da ke kuka a kowace kasuwa, dajin da muke cinna wa wuta don ɓera da gafiya. Siminti ma, a Ashaka ne ko a ko'ina cikin duniya, idan aka gasa dutsen da ake yin sa da shi, kabon na fita daga jikin dutsen kansa, ban da na kwal ɗin da aka hura wutar da shi. Ga man Kolmani da aka ƙaddamar da haƙarsa a Nuwamban 2022 a iyakarmu da Bauchi, kowa na masa fatan alheri, har da ni. Ban ga adalci ba a ce wanda ya ƙoshi da kwal shekara ɗari biyu ya zo yana yi wa mai girki da kara wa'azin hayaƙi. A yarjejeniyar Faris ta 2015 ƙasashe sun amince su riƙe ƙarin zafin ƙasa da digiri biyu, su yi ƙoƙarin tsayar da shi a ɗaya da rabi. A taron Sharm el-Sheikh na Masar a 2022 an amince da kafa asusun biyan asarar ƙasashe irin namu. Najeriya ta yi dokar sauyin yanayi a 2021. Duk madalla, amma kada ka ajiye garma kana jiran kuɗin nan ya iso Malam Sidi.

Yadda zafin ke taɓa ruwanka shi ne abin da nake so ka riƙe da kyau. Danshin daminarmu daga tekun Atilantika yake. Iskar kudu maso yamma ce ke ɗauko shi, tana ture busasshiyar iskar hunturu zuwa arewa, shi ya sa Kaltungo da Billiri ke rigan Dukku da Nafada samun ruwan shuka, ko da yake hadarin kansa, kamar yadda kowane yaro ya sani, daga gabas yake haɗowa. Duk ƙarin digiri ɗaya, iska na iya riƙe ƙarin tururin ruwa kusan kashi 7 cikin 100. Iska mai zafi kamar ƙaton soso ce. A kwanakin da babu ruwa tana tsotse danshin gonarka da sauri, shi ya sa fashin mako biyu da a da tsiro kan jure, yanzu yake kashe shi. Ranar da ta tashi matsewa kuma, sai ta juye komai lokaci guda. Wani bincike da aka wallafa a 2017, wanda ya bi hotunan tauraron ɗan'adam na shekara 35, ya nuna cewa manyan hadura masu ƙarfi a yankin Sahel sun ninka sau uku tun 1982. Ba zan iya nuna maka ruwan dare ɗaya in ce wannan sauyin yanayi ne ya aiko shi ba. Yawan maimaituwarsa ce shaida. Lokacin ƙuruciyata marka ce ke cika rumbu, a yi kwana biyu ana yayyafi, tufafi su ƙi bushewa, ƙasa na sha a hankali. Yau sau da yawa abin da ake samu shi ne iska ta yaye kwano, ruwa ya zubo kamar da bakin ƙwarya, kafin a gama sallar asuba rana ta fito.

Bari mu yi lissafi irin na aji. Milimita ɗaya a kan hekta ɗaya lita 10,000 ce. Ruwan dare ɗaya mai milimita 50, wanda ba abin mamaki ba ne a Agusta, lita 500,000 ke nan a hekta, wato jarka 20,000 irin mai lita 25 da 'yan ga-ruwa ke turawa. Gonarka hekta biyu, jarka 40,000. Idan suka sauka cikin awa goma, ƙasa za ta shanye mafi yawansu. Idan suka sauka cikin awa ɗaya a kan ƙasa tsirara, dole su nemi hanya, kuma ba sa tafiya hannu rabbana: su kwashi ƙasar sama mai daɗi, su kwashi takin da ka saya da bashi. Abin da ya faru a gonarka shi ne ƙaramin abin da muka gani a ambaliyar 2012, da ta 2022 da ta kashe sama da mutum 600 a faɗin ƙasa, da Agustan 2024 da ruwa ya yanke babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri a yankin Katagum, da Satumbar shekarar da dam ɗin Alau ya ɓalle ya shiga Maiduguri.

Zafin kansa ma maƙiyi ne, ko da ruwa na sauka. Ka tuna azumin 2024, da aka yi a tsakiyar Maris zuwa farkon Afrilu; a garin Kayes na Mali awo ya kai digiri 48.5. Masara, idan zafi ya haura 35 a kwanakin da take fitar da tozali da gemu, garin furen kan mutu kafin ya yi aikinsa, sai ka ɓare goyo ka ga haƙora gwari-gwari, ka ɗora wa mai sayar da iri laifi.

Mai maganar itatuwa kuma fa? Da za a sare duk bishiyar da ke Kwami, ma'aunin Hawai ba zai motsa ba. Amma gonarka za ta sani a daminar farko. Ganye na karya ƙarfin ɗigon ruwa kafin ya doki ƙasa, saiwa na buɗe masa hanyar nutsewa, ganyen da ya zuba ya ruɓe yana sa ƙasa ta riƙe danshi, inuwa na rage ƙuna, layin itatuwa na tare iskar da ke binne tsiro da yashi. Muka tuge kututture don tarakta ta wuce, muka kwashe kara har ƙasa, muka ƙone abin da ya rage a sassabe, muka mayar da ƙirya da marke gawayi ana lodawa a mota. Ruwa ya ƙara ƙarfi daidai lokacin da muka tuɓe wa ƙasa riga. Dubi garin Gombe. Yana zaune a gangare, tuddai na yamma da shi wajen hanyar Bauchi, ƙasar kuma mai yashi ce. Tun da ya zama babban birni, kwano da kwalta suka rufe inda ruwa ke nutsewa a da, duk ya koma gudu. Kwarin da ya bi ta wajen jami'ar jiha ya ratsa Malam Inna zuwa Kagarawal sai da aka kashe maƙudan kuɗi, da tallafin Bankin Duniya, kafin a ɗaure shi da kankare. Shi ma wata rana iya gwiwa yake, kamar naka.

Liman kuwa ban ga inda muka saɓa ba. Aya ta 41 a Suratur Rum ta danganta ɓarnar da ta bayyana a tudu da teku da abin da hannayen mutane suka aikata, kuma ma'aunin masana abin da yake nunawa ke nan. Mu fita roƙon ruwa, ni ma ina fita. Sai dai wanda ya yi huɗa ta bi gangare ya roƙi abin da bai tanadi wurin ajiye shi ba. Kuma kada mu mayar da sauyin yanayi jakin da ake ɗora wa kowane kaya. Tsutsar nan mai cin zuciyar masara baƙuwa ce daga nahiyar Amurka, a 2016 aka fara ganin ta a Najeriya. Magudanar da aka cika da leda kuwa kowa ya san mai ita.

To, me za ka yi?

Fara da daina yarda da ruwan farko. Ka samo gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, wanda bakinsa da gindinsa faɗinsu ɗaya, irin babban na madarar gari, ka cire murfin tsaf, ka ɗaure shi a kan turke a fili, nesa da bishiya da indararo. Duk safiyar da aka kwana da ruwa ka tsoma rula, ka rubuta zurfin da kwanan wata, ka zubar. Zurfin nan shi ne milimitar da kake ji a rediyo. Ka sa 'yan aji shida su yi a makaranta ma, cikin shekara uku za ku mallaki tarihin ruwan garinku da ba wanda yake da shi. Masana yanayin noma kan ce damina ta kama idan an samu milimita 20 ko fi cikin kwana uku, sa'annan ba a yi fashin da ya wuce mako guda ba a watan da ya biyo. Rabin farko gwangwaninka zai faɗa maka. Rabi na biyu sai hasashe, kuma hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, wato NiMet, na fitar da nata a farkon kowace shekara, har da fassarar Hausa, da lokacin da ake sa ran kamawar damina da ɗaukewarta da inda ake tsoron fashi. Takan kuskure, amma ta fi zato. A ƙasarku ruwan farkon Mayu yawanci na kwantar da ƙura ne. Ka tona da hannu: in danshi bai wuce tsawon tafinka ba, ka mayar da iri buhu. In zuciyarka ta ƙi haƙuri, zuba geron da ka ajiye da kanka a wani yanki, in ya mutu asarar kaɗan ce. Masarar da ka saya da tsada ta jira ƙarshen Mayu ko cikin Yuni, ka raba shukarta biyu da tazarar kwana goma, ka kuma ɓoye kashi ɗaya cikin uku na irin don cike gurbi. Taki ma kada ka watsa shi a sama, rana ta sha rabi ruwa ya tafi da rabi. Cikin murfin kwalbar lemo ɗaya a kowane gindi, a tona gefe a binne, ya fi kwano guda da aka watsa.

Batun iri ba zan tsawaita ba. Cibiyar bincike ta Samaru a Zariya ta fitar da masara iri-iri da sunan SAMMAZ, a ciki akwai masu nuna cikin wata uku ko ƙasa da haka, akwai masu jure fashi da wuta-wuta. Akwai geron SOSAT, akwai wake mai nuna cikin wata biyu da 'yan kwanaki. Ka saya wurin dillalin da aka sani, a buhu mai hatimi. Amma gaskiyar da ba a son ji ita ce, cika jigawa da masara zalla caca ce. Kakanka da ke haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya ba rashin wayewa ba ne. Ya san in ɗaya ya ƙi, ɗaya zai yi.

Babban aikin shi ne ka tsayar da jarkokin nan 40,000 a inda suka faɗo. Je ka tsaya a gonar ka duba inda kunyoyinka suka fuskanta. Ina kyautata zaton sun bi gangare, don mai shanun huɗa ko mai tarakta ya fi son haka, ya fi masa sauƙi. Kowane kwarin kunya ya zama magudana ke nan, ka gina wa ruwa titi da kuɗinka. Kunya gicciye take yi wa gangare. Don ka samu layin daidai, ari farin tiyon nan da magina ke gwada lebur da shi, mai tsawon mita goma. Ka cika shi da ruwa, ka ɗaure kowane baki a jikin sanda, ka tsayar da sandunan biyu wuri ɗaya ka yi musu alama inda ruwan ya tsaya. Kai ka tsaya da ɗaya, yaro ya yi gaba da ɗaya yana hawa yana sauka har ruwan ya dawo kan alama a duka biyun, a kafa turke, a ci gaba. Layin zai fito a karkace kamar tafiyar maciji, mai huɗa zai yi tsaki. Ƙara masa ɗan wani abu ya bi shi haka. Bayan huɗa, duk taku uku ka datse kwarin kunya da 'yar ƙasa, amma kada ta kai tsayin kunyar, don in ruwa ya yi yawa ya tsallake datsin maimakon ya fasa kunya. Da safe za ka ga gonar kamar an jera kwanoni cike da ruwa, kafin azahar ta shanye. Wannan ruwan ne zai riƙe maka shuka a fashin mako biyu. In akwai baƙar laka a wani gefen gonar, irin ta auduga, can ka buɗe datsin a Agusta kada saiwa ta ruɓe.

Duwatsun da kake tsincewa kana zubarwa a iyaka, jera su a kan layin nan. Mutanen Tula sun daɗe suna noma a jikin dutse da irin wannan jeri, tun kafin a haifi mai digiri a fannin. Inda babu dutse, dasa gamba. Ta tare ƙasa, da kaka kuma ka samu na zana. Faƙon da ya ƙi shuka, ka haƙa masa ramuka da rani, faɗin kwano, zurfin tafin hannu, ka tara ƙasar a gefen gangare, ka zuba takin gida cikin hannu biyu a kowane. Gara za ta bi takin ta huda ƙasar, ruwan farko ya taru a ciki. 'Yan'uwanmu na Nijar suna kiran sa tassa.

Shi kuma ramin, ka sani kwari daga kai yake ci, yana ja da baya zuwa tudu. Masu zuba shara a tsakiyarsa wahala kawai suke. Ka fara rage ruwan da ke zuwa masa daga sama, ko da hakan na nufin ka je ka zauna da mai gonar da ke samanka ku yi layi ɗaya. Sa'annan ka kwantar da bakin kan nasa ya zama gangare mai laushi, ka shimfiɗa dutse. A cikinsa ka yi ƙananan shinge da turaku da ƙaya da buhunan ƙasa, da yawa a jere, kowane tsakiyarsa ta fi gefensa ƙasa, in ba haka ba ruwa zai zagaye ya ci gaɓa, ramin ya ƙara faɗi. Shinge ɗaya ƙato ruwa ɗaya zai tafi da shi. Yashin da ya taru a bayan kowane, dasa gamba a kai.

A kan dashen itace ina da tabo. A farkon shekarun 1990 an ba mu dubban tsirrai don bikin dashe. Kuɗin ɗauko su bai fito ba sai ƙarshen Satumba. Aka kafa rumfa, babban baƙo ya dasa ɗaya, aka miƙa masa butar ban-ruwa sabuwa fil, aka ɗauki hoto. Da na koma a Maris, a layin da na bi da ƙafa, abin da ya rayu bai cika yatsun hannuwana ba; rani ya kashe wasu, awaki suka ƙarasa sauran. Ni na rubuta rahoton cewa an dasa, kuma ban yi ƙarya ba, abin da ke damuna ke nan har yau. Shirin dashen itatuwa na jiharmu, Gombe Goes Green, da aka fara a 2019, da Babbar Ganuwar Itatuwa ta Afirka da Gombe da Bauchi ke cikin jihohinta 11 a Najeriya, niyya ce mai kyau, kuma ina goyon baya. Ni dai ma'aunina shi ne a ƙirga bishiya bayan ta ga rani uku.

Akwai hanyar da ta fi arha, kuma Hausawa ne suka nuna wa duniya ita. A yankin Maraɗi, tun shekarun 1980, manoma suka daina tuge tohon da ke fitowa daga tsofaffin kututture, suna kiran abin sassabin zamani. An ƙiyasta cewa ta haka Nijar ta farfaɗo da wajen hekta miliyan 5, da itatuwa kusan miliyan 200. Bana idan ka shiga sassabe, duk gindin kalgo, sabara, marke, aduwa ko magarya da ka tarar, zaɓi rassa biyu ko uku mafi ƙarfi da miƙewa ka bari, ka sare sauran, ka aske na ƙasa-ƙasa, ka ɗaura tsumma don masu itace su san da mai shi. Saiwarsa ta riga ta yi nisa, ba ya neman ban-ruwa, abin da ke da muhimmanci a Kwami da Dukku inda rijiya ke da zurfin tsiya. In ka ci karo da gawo, ka riƙe shi kamar ɗa: yana zubar da ganye da damina, don haka ba ya yi wa shuka inuwa, ganyen taki ne, 'ya'yansa kuma abincin dabba ne a tsakiyar rani. Rassan da kake askewa duk shekara su ne itacen girkin gidanka, uwargida ta huta da sayen gawayi.

Kara kuma kada ka kwashe duka, bar ko da rabi a kwance ya rufe ƙasa. In akwai Bafulatanin da kuke mutunci da shi, ku yi tsohuwar yarjejeniya: shanunsa su ci sauran, su kwana a gonar 'yan makonni, ya bar maka taki. Shi ma yanayin nan ya matse shi, mashaya na ƙafewa da wuri, burtali kuma mun nome.

Da hekta biyu ba za ka gama duk wannan a shekara ɗaya ba, kuma ban ce ka gwada ba. Kafin ruwa ya sauka, fitar da layin tiyo, gyara kan ramin, kafa gwangwani, ka bar tohon itatuwa. Tassa da gamba su biyo baya. In ka koma gonar, auna mini zurfin ramin da faɗinsa a wuri uku, ka ɗauki hoton inda ya faro, ka kuma gaya mini ko ruwan daga gonar maƙwabci yake shigowa ko daga hanyar shanu, sai in faɗa maka shinge nawa zai buƙata da tazarar da za ka ba su.